Kazar Tukwici

In ka sauka a Kucheri da hantsi, ka bar bakin titi ka kutsa cikin gari, kafin ka ga mutum za ka ji injin niƙan Inna Wasila. Yana da wani irin tari nasa na kansa: ya yi kamar zai mutu, ya sake murmurewa ya ci gaba. Mai shi tsohuwa ce gajera, baƙa, mai faɗin kafaɗu, ɗankwalinta da girarta kullum fari fat da gari. Faɗa kuwa, kai, ba a magana. In kika kawo mata dawa ba ki tsince tsakuwa ba, sai ta tambaye ki ko gini kika zo yi, ta tura ki gefe ki tsince a gaban jama'a. Duk da haka layin kwanoni ba ya yankewa a ƙofarta, don ba ta taɓa rage wa kowa ko cikin cokali na garinsa ba, kuma wadda ta zo ba ko sisi ana niƙa mata ta tafi.

Akwai lokacin da injin nan ya yi shiru, har unguwa ta rasa abin da ke mata daɗi. Ba lalacewa ya yi ba, ba kuma tsadar mai ce ta kashe shi ba. Sai dai ba za a gane shirun nan ba sai an san matar.

A Kekun Waje aka haife ta, can ƙasar Bunguɗu, a gidan da ake noma dawa da gero a ci, in shekara ta yi kyau a sayar da ragowa. Mahaifiyarta dakau take yi wa gidajen masu hali, kuma abu biyu ta bar wa Wasila gado. Na farko riƙon taɓarya, tun tsawonta bai gama wuce turmi ba. Na biyu wata ɗabi'a ce da tsohuwar ta riƙe tamkar farilla: ba a kawo mata kyauta wanda ya ɗauko ya koma hannu wofi. Ko ƙoƙon fura maƙwabciya ta aiko da shi, sai ta lalubo wani abu ta danƙa wa ɗan aike, ko ƙwai ne, ko ɓarin goro. A wurinta, wanda ya hana tukwici ya raina kyautar ne da mai ita. Wasila ta sha ranƙwashi a kan wannan kafin ya zauna mata.

Aure ya kai ta Gusau. Mijinta, Malam Abdu, mutumin Kucheri ne da ke lodin kaya a tashar mota, mai sanyin hali, ita ke yin faɗan gidan a madadinsa. Suka kama ɗaki kusa da tasha, ta kafa tukunya a gindin katanga tana sayar da tuwon dawa da miyar sure. Direbobi da 'yan kamasho suka san ta, suka kuma san ba a yi mata wasa da kuɗin tuwo. Ta yi haihuwa, Allah bai bar mata ko ɗaya ba. Wannan ciwon ba ta maganarsa da kowa, har yau.

A bakin tukunyar nan ta san Bashiru. Saurayi ne a lokacin, dogo siriri, uwarsa ta rasu tun yana ƙarami. Karen mota ne a hannun wani direba mai maƙo da ke ci ya ƙoshi ya bar shi da gadi. Bashiru ba ya roƙo. Zuwa yake ya tsaya nesa kaɗan yana gyaran igiyar da ba abin da ya same ta, yana satar kallon tukunya. Wasila ta lura, haushi ya kama ta, na direban ba na yaron ba. Ta malmala tuwo ta dangwarar a gabansa.

"Ci ka tashi ka ba ni wuri, kana kore mani masu saye."

"Inna, ba ni da ko sisi."

"Wa ya tambaye ka?"

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har ya koyi tuƙi, ya ja motar wani, daga baya ya sayi tasa bas yana jigila tsakanin Gusau da Funtuwa. Da ya fara samu sai ya so ya riƙa biya. Ta ce in ya kuskura ya miƙo mata kuɗi zai ga aikin da muciya ke yi banda tuƙin tuwo. Ya yi dariya ya mayar aljihu.

Da Malam Abdu ya rasu, haya ta gagara, ƙafa ma ta gaji da tsayuwar tasha. Dangin mijin suka ba ta ɗaki a gidansu na gado a Kucheri, ta koma sana'ar uwarta: surfe, dakan fura, dakan yaji. Shekaru suka ci kafaɗun nan masu faɗi. Ta kai in ta ɗaga taɓarya sai ta cije leɓe, in ta sauke sai ta huta. Kucheri a kan hanyar Bashiru take, don haka yakan tsaya jefi-jefi, ya bar fasinja suna ƙorafi, ya leƙo ya gaishe ta. Wata rana ya tarar da ita tsaye a kan turmi, ta jingina goshi da taɓarya, idonta a rufe. Ta ce masa addu'a take yi. Ya ajiye ledar lemon da ya kawo ya fita.

Ba a jima sosai ba sai ga Lawali ya yi sallama. Lawali magidanci ne, yana da shago a bakin titi inda ake cajin waya, ana kuma tura kuɗi a cire ta 'yar na'urar nan da ake kira POS. Duk wanda ba shi da asusun banki a unguwar, ta wurinsa 'ya'yansa na birni ke aiko masa. Ranar bai aika a kira ta ba, da ƙafarsa ya zo, baƙar leda a cikin aljihun riga, don kuɗin sun fi ƙarfin a miƙa su a bakin titi. Ya kara mata wayarsa a kunne.

"Inna, ni ne, Bashiru. Ga ɗan saƙo nan wurin Lawali. Ki sayi inji, ki aje taɓaryar nan haka nan."

"Kai ɗan nan, wane irin abu ne wanga?"

"Inna, mota ta cika, sai na kira."

Ya kashe. Iyakar abin da ya faɗa mata ke nan. Ko daga baya, duk lokacin da ya biyo ta ɗauko maganar, sai ya ce fasinja na jira.

Ta zauna ta yi kukanta ta share. Lawali ya ajiye mata ledar kuɗin, ya miƙe zai tafi, ta ce ya dakata. Ta zagaya bayan ɗaki, aka ji kaji sun watse, sai ga ta da wata budurwar kaza ja, ta ɗaure mata ƙafafu da tsumma.

"Ungo tukwicinka."

Lawali ya ƙyalƙyale da dariya. "Haba Inna, ai ni ba ɗan aike ba ne. Ta waya suka zo, kuma na riga na cire ladan aikina."

"Wayar ce ta tako ta shigo gidan ga?"

"A'a."

"To wa ya kawo mani?"

"Ni."

"Riƙe nan, kar ka sa ni magana."

Haka ya ratsa gari da kaza a hammata, mutane na tambayarsa ko ya sake sana'a ne.

Aka sayo inji daga Gusau aka kafa shi a rumfar ƙofar gida. Ta koyi jan igiyar tayar da shi, ta koyi sauraron muryarsa har ta san lokacin da yake son mai da lokacin da yake son makaniki. Kafaɗunta suka huta, ta yi ɗan kumatu, faɗa ya ƙara ƙarfi. Turmi ya koma gindin katanga kaji na hawa.

Sai Bashiru ya rasu. Ba hatsari ba ne, duk da a kan titi ya yi rayuwarsa. Ciwon ciki ne ya kwantar da shi, kafin a ankara ya cika. Ya bar matarsa Hafsatu da 'ya'ya ƙanana, babbansu Anas. Wasila ta je ta'aziyya Gusau, ta zauna cikin mata, ko kuka ta kasa yi.

Ƙanensa Zaharaddeen, mai sayar da takalma a kasuwar Gusau, shi aka ɗora wa kula da dukiyar marayun. Kar a ɗauka mugu ne. Mutum ne mai tsoron Allah, har tsoron ya rame da shi. Abin da ya sa shi gaba shi ne Bashiru yana da sakin hannu. Direba ya ce taya ta fashe, ya tura masa ta waya. Ɗan kamasho ya ce matarsa na asibiti, ya tura. Wanne ne rance, wanne ne kyauta, oho, shi kaɗai ya sani, ga shi ya tafi da saninsa. Zaharaddeen ya karɓo takardar banki ya bi sunaye. Wasu suka amsa rance ne suka biya. Wasu suka ce kyauta ce, daga baya shaidu suka ƙaryata su. Bin sawun nan ne ya kawo shi shagon Lawali. Shi kuwa Lawali, da ya ji an ambaci gado da marayu, sai ya ce shi dai hanya ce aka bi, ya nuna gidan Inna Wasila da yatsa ya koma bayan teburinsa.

Zaharaddeen ya cire takalma a zaure, ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya zo kan maganar.

"Inna, don Allah ki yi mani haƙuri. Kuɗin da Yaya ya turo maki, ya ce maki kyauta ce?"

Ta buɗe baki za ta ce ƙwarai, sai ta tsaya. Ta maimaita maganar Bashiru a zuciyarta tun daga farko har ƙarshe, ba ta da tsawon da za a manta wani abu a cikinta.

"Bai ce ba."

"Ya ce rance ne?"

"Shi ma bai ce ba. Saƙo ya ce."

Zaharaddeen ya yi ajiyar zuciya. "Wallahi, Inna, da nawa ne da ban tako nan ba. Amma na marayu ne, ba ni da ikon yafewa da bakina. Bari mu je gaban alƙali ya faɗa mana. In kyauta ce, kowa ya huta."

"In kuma rance ne fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Sai a sayar da injin."

Yana fita ta je rumfa ta kashe injin, da gero a cikinsa. Ta kwashe wa mai shi ta ba ta haƙuri, ta ɗauko tsohon buhu ta lulluɓe shi. Babu wanda ya ce ta yi haka, sammaci ma bai zo ba tukuna. Ba rasa injin ne ya fi tayar mata da hankali ba, ko da yake ta san kafaɗunta ba za su sake ɗaukar dakau ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ba ta sani ba. In rance ne, to duk mudun da ta niƙa tun ranar da aka binne Bashiru da haƙƙin 'ya'yansa ta niƙa shi, tuwon da ta ci kuma da shi ta ci. Ita Wasila, da ba ta taɓa rage wa kowa cikin cokali ba! Ta ji tsoro ƙwarai, ta kuma ji haushin Bashiru, Allah shi jiƙan shi, da ya kasa tsayawa ya faɗi kalma ɗaya tak saboda wasu fasinja. Matan unguwa suka yi lallashi suka gaji, suka ɗauki kwanoninsu zuwa injin bakin kasuwa. Wasila ta kore kaji daga kan turmi ta wanke shi.

Ranar shari'a ta yi wanka ta sa zanenta na zuwa biki, ta hau mota zuwa Tsafe. Ba ta taɓa shiga kotu ba, ko don kallo. Ta tarar ɗaki ne kawai mai benci, da fanka da ba ta juyawa, da wani dattijon alƙali mai tabarau da ke magana a hankali har sai an kasa kunne. Lawali na can bencin baya yana share gumi, shi ma an kira shi tun da ta asusunsa kuɗin suka bi.

Zaharaddeen ya faɗi abin da ya kawo shi, bai ƙara ba bai rage ba. Alƙali ya duba takardar banki ya ajiye. Ya ce takardar ta nuna kuɗi sun fita sun kuma isa, amma ba ta nuna da wace niyya suka fita ba, kuma a kan niyyar hukunci yake. In rance ne, ana biyansa ko bayan ran mai shi, ya shiga cikin gado. In kyauta ce, wadda mutum ya bayar yana da ransa da lafiyarsa da hankalinsa, aka kuma karɓe ta a hannu, to ta fita daga dukiyarsa tun ranar, magada ba su da komai a ciki. Turawa ta waya ba ta sauya ko ɗaya daga cikin biyun. Sai ya juyo wajenta.

"Baiwar Allah, kin amsa kin karɓa. Kina cewa kyauta ce?"

"Allah shi gafarta Malam, haka na ɗauka. Amma bai faɗa da bakinshi ba, ni kuwa ba zan ɗauki Alƙur'ani a kan abin da ke cikin zuciyar wani ba."

"Madalla. Akwai wanda ke wurin lokacin da kika karɓa?"

"Babu kowa. Daga ni sai ɗan aike."

"Wane ɗan aike kuma? An ce ta waya aka turo."

"To, wanda na ba tukwici dai. Ga shi can yana ɓuya."

Alƙali ya cire tabarau. "Tukwici kika bayar?"

"Kaza, Allah shi gafarta Malam. Budurwa, ja."

Aka yi dariya a benci, har ɗan sandan kotu ya juya fuska. Alƙali bai yi ba. Ya ce shi dai tun da ya taso bai taɓa ganin an ba da tukwici a kan rance ba, amma wannan abin da ita ta ɗauka ne ya nuna, saura a ji ko mai turowa ya san da zancen. Ya kira Lawali ya tambaye shi.

Lawali ya taso. "Ya sani, Allah shi gafarta Malam. Ina komawa shago na kira shi in ce mashi saƙo ya isa. Na ce, Malam Bashiru, tsohuwar nan fa ta haɗa ni da kaza, wai tukwici, in maida mata? Ya yi dariya har yana tari. Ya ce kar ka kuskura. Ya ce tun da ta ba da tukwici ta karɓa ke nan, dama tsorona ta maido mani. Ya ce ci kazarka halal ɗinka ce, wanda ya kai kyauta ai shi ke da tukwici."

"Kyauta ya ce?"

"Da kunnena na ji."

"Don me ba ka faɗi haka tun farko ba?"

"Ba wanda ya tambaye ni zancen kaza. Ni na ɗauka abin dariya ne, ba na kotu ba."

"Ina kazar?"

"Ban yanka ba, Allah shi gafarta Malam. Jikokinta ne suka cika mani gida."

Alƙali ya tambayi Zaharaddeen ko yana da suka a kan shaidan nan. Zaharaddeen ya girgiza kai, idonsa ya cika da hawaye. Ya ce ba shi da ita. Ya ce haka Yayansa yake, in dariya ta ci shi sai ya yi tari, wannan ba abin da mutum zai ƙirƙira ba ne. Alƙali ya ce a sha'anin dukiya shaida ɗaya da rantsuwar mai da'awa sun isa, kuma ba a kan zuciyar marigayi za ta rantse ba, a kan cewa kyauta ta karɓa, babu zancen biya tsakaninsu. Wasila ta fita ta yi alwala ta dawo ta rantse. Aka yanke cewa kuɗin ba sa cikin gado, inji nata ne. A bakin ƙofa Zaharaddeen ya durƙusa zai ba ta haƙuri, ta ce ya tashi, Allah shi ba kowane maraya mai riƙo irinsa. Lawali kuwa ta kalle shi sama da ƙasa ta ce da ta san bakinsa nauyi gare shi haka, da ƙwai ta ba shi.

To, alƙali ya wanke ta, amma da ta koma gida ta tsaya a gaban buhun nan sai ta kasa yaye shi. Ta tuna 'ya'yan Bashiru da ta gani ranar ta'aziyya, ƙaramin ko tafiya bai iya ba. Ita tsohuwa ce, cikinta ɗaya. Washegari ta ƙulle kuɗin mota a bakin zane ta nufi Gusau, ta gama yanke shawara: za ta sayar da injin ta kai wa marayu kuɗin, kyauta daga gare ta, wannan karon da baki za a faɗa.

Hafsatu na cikin takaba, shi ya sa ba ta je kotu ba, kuma Zaharaddeen bai sa ta cikin zancen basussuka ba don kar ya ƙara mata nauyi. Ta shimfiɗa wa Wasila tabarma a ɗakinta, ta kawo ruwa, ta saurare ta har ta gama.

"Inna, sai jiya na ji an kai ki kotu. Da na sani da ko a kan ƙafa ɗaya ne na aika an hana."

"Ba laifin kowa ba ne, ɗiyata. Ni dai ki bar ni in yi abin da na zo yi."

"Ba zan karɓa ba." Hafsatu ta gyara lulluɓinta. "Motar an sayar an raba, rabon yara yana nan, ba za su kwana da yunwa ba da yardar Allah. Tufafinshi an bayar. Wayar ma tana hannun ƙanenshi. Duk duniyar nan abin da ya rage yana motsi saboda Baban Anas injin nan ne. Duk matar da kika niƙa wa ta huta da daka, yana da lada a ciki. In kika sayar, Inna, mi zai riƙa isa gare shi?"

Wasila ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"Na tuna ranar," in ji Hafsatu. "Ya dawo yana ta dariya shi kaɗai, wai kin ba mai POS kaza. Ya ce da ya kai maki da hannunshi da kin kore shi da muciya, shi ya sa ya bi ta waya, ya kuma kashe kafin ki samu bakin magana. Sai ya daina dariyar. Ya ce mani akwai abin da yake so ya faɗa maki tun yana karen mota, kunya ta hana shi. Ya ce in fasinja suka tambaye shi wurin wa yake tsayawa a Kucheri, cewa yake wurin uwarshi. Ya ce wata rana zai nemi izininki, don bai san ko kin yarda ba."

Wasila ta kalli bango. Ta tuna waɗanda ta haifa ba su zauna ba, ta tuna dogon yaron nan da ke gyaran igiya yana satar kallon tukunya. Ashe duk shekarun nan tana da ɗa, yana wucewa ta ƙofarta da mota cike da mutane yana faɗa masu, ita kaɗai ce ba a faɗa wa ba. Ta yi kukan da ta kasa yi ranar ta'aziyya, Hafsatu ta taya ta.

Da ta share fuska sai ta jawo bakin zanenta ta kwance ƙullin, ta kama hannun Hafsatu ta danƙa mata abin da ke ciki.

"Ungo tukwicinki."

"Haba Inna, tukwicin mi?"

"Wa ya kawo mani saƙon?"

Hafsatu ta dubi abin da ke hannunta. Ta riƙe.

Sai da Wasila ta isa tasha ta tuna kuɗin motarta na komawa ne ta bayar. Tana tsaye tana wa kanta faɗa, wani tsohon ɗan kamasho ya hango ta ya ɗaga murya, "Inna mai tuwo!" Kafin ta ce uffan an buɗe mata gidan gaba, direba ya ce in ta yi zancen kuɗi zai sauke ta.

Da hantsi washegari ta yaye buhun, ta kakkaɓe ƙura, ta zuba mai. Ta naɗe igiya a hannu ta ce, "Bismillah. Na yarda, ɗan nan, tun tuni na yarda. Allah ka kai mashi." Ta ja. Injin ya yi tarinsa, ya yi kamar zai mutu, ya kama. Daga gidajen maƙwabta aka fara jin ƙarar kwanoni. Ta farko da ta iso dawa ta kawo, kuma ba ta tsince tsakuwa ba.